Ranar da Injin Ya Ci Kansa

Shekara ashirin da bakwai Malam Zarto ya yi yana koyar da aikin ƙarfe a makarantar sakandaren gwamnati da ke bayan tashar mota. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, domin duk wanda ya shigo ajinsa sabo, sati uku yake yi ba a ba shi komai ba sai guntun ƙarfe da zarto. A ja masa layi, a ce ya yanka. In ya karkace ko da kaurin gashi ne, Malam zai ɗaga ƙarfen ya duba a hasken taga, ya jefa a kwandon shara, ya miƙo wani. Ba ya duka, ba ya zagi, amma yara sun fi tsoron shirunsa a kan bulalar kowa.

Ɗakin aikin nasa ne, kowa ya san da haka. Tebura shida ne masu nauyi, duk sun yi baƙi da giris. A jikin bango ya zana siffar kowace guduma da sifana da filaya da farin fenti, ta yadda in abu ɗaya ya ɓace, gurbinsa zai tona asiri tun daga bakin ƙofa. A kusurwa akwai tsohon injin gurzar ƙarfe wanda ya girmi rabin malaman makarantar. Mabuɗin ɗakin kuwa guda ɗaya ne, yana ɗaure da igiya a ɗamarar wandonsa.

Wata ranar Litinin Firinsifal ya tare shi a baranda ya ce masa babbar mota tana bakin get. Ma'aikatar ilimi ta ƙulla yarjejeniya da wata masana'anta da ke ƙera kayan famfon ruwa, za a fara koya wa yara aiki da injin da kwamfuta ke sarrafawa, kuma makarantarsu tana cikin waɗanda aka zaɓa. Wata huɗu ana maganar a ofis, ba wanda ya tuntuɓe shi. Yana tsaye 'yan dako suka fitar da tebura biyu baranda, suka tura sauran jikin bango, suka kafa wani farin akwati mai ƙofar gilas a tsakiyar ɗakin, girmansa ya kai ƙaramin kanti.

Tare da injin aka turo mai koyarwa. Mace ce da ba ta wuce shekara talatin da biyar ba, ta yi shekara tara a masana'antar kafin a ba da aron ta ga makarantar. Kowa Injiniya yake ce mata. Ta zo da fara'arta, ta rusuna ta gaishe shi, ta ce ta ji labarinsa a wurin tsofaffin ma'aikatansu, da yawansu shi ya koya musu riƙon zarto.

Malam bai amsa gaisuwar ba. Ya dube ta daga takalmin aiki zuwa ɗankwali, ya ce, "Ke ce kika kafa irin wannan a sashen gurza na masana'antarku, shekara uku da suka wuce?"

Ta ce ita ce, ita da wasu mutum biyu.

"To ɗana yana cikin mutum goma sha ɗayan da aka sallama a watan. Yanzu faci yake yi a bakin titi. Sannu da zuwa."

Ya juya ya ci gaba da jera sifanu. Ya bar Injiniya tsaye da jaka a hannu. Daga baya ta gaya wa mijinta cewa da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige. Mijin, wanda ma'aikacin asibiti ne kuma mutum mai sanyin hali, ya ce ta yi haƙuri, tsoho ne, in ta bi shi a hankali zai sauko.

Ta bi shi a hankali na sati biyu, bai sauko ba. Mabuɗi ya fara zama abin rigima. Ajinta na ƙarfe takwas ne, shi kuma sai takwas da kwata zai taho yana tafiya kamar mai tausayin ƙasa, ita da yara talatin suna tsaye a rana. Da ta nemi a yanka mata nata, ya ce shi ya sa hannu a kan kayan ɗakin tun kafin ta iya ɗaura zani, in kusa ɗaya ta ɓace shi za a tambaya. Firinsifal, wanda bai taɓa yanke hukuncin da zai ɓata wa wani rai ba in yana da hanyar zillewa, ya ce su daidaita a tsakaninsu, ai duk manya ne.

Sai wuta. Layin wutar ɗakin ba ya ɗaukar inji biyu a lokaci guda. Sau uku tana tsakiyar nuna wa yara yadda wuƙar injin ke bin zanen da suka yi a kwamfuta, Malam ya kunna tsohon injinsa, wuta ta ɗauke, aikin ya lalace. Kowane karo sai ya ɗaga hannu ya ce mantuwa ce, tsufa ya zo. A karo na uku ta daina ce masa Baba, ta koma Malam, daga baya ma ta koma "wancan mutumin" in tana magana da wasu.

Ita ma ba ta bar bashin magana ya kwana ba. Kusurwarsa ta sa wa suna gidan tarihi, yara suka ɗauka suna yayatawa. In ɗalibi ya yi nawa sai ta ce ko a mayar da shi can ya yi ta goga ƙarfe har ya yi furfura. Shi kuma yana kiran ɗalibanta 'yan danne-danne, ya ce in aka ɗauke wuta ko gwangwanin madara ba za su iya buɗewa ba. Yaran kuwa su ne dai yaran, safe suna wajenta, bayan tara suna wajensa, suka koyi abin da kowanne yake son ji. A gabanta su yi dariyar zarto, a gabansa su ce injin nan ai wasan yara ne. A ɗakin malamai aka rabu gida biyu, tsofaffi suna bayansa, matasa suna bayanta, har wurin zama ya bambanta. Malamin lissafi, wanda ba ya raina abin dariya, ya ce tun da aka kawo injin mai yanka noti, Malam ne ya fi kowa shan mur.

Abin da ba wanda ya musa shi ne yaran suna koyo. Kafin ƙarshen zango na biyu, akwai 'yan mata da samari kusan goma da za su zana ƙaramin ƙarfen famfo a kwamfuta, su ɗaure ɗanyen ƙarfe a cikin injin, su rufe gilas, su fitar da shi sumul kamar daga kanti. Malam yakan bi bayansu in sun tashi, ya ɗauki abin da suka yi, ya sa ma'aunin kauri ya auna, ya ajiye ba tare da ya ce komai ba. Sau ɗaya ne ya yi magana, a gaban yara da masinjan ofis. Ya ce injin da ba ya jin ƙarfe a hannunsa, duk abin da aka gaya masa yake yi ko da hauka ne, wata rana sai ya ci kansa.

Masana'antar ta yi alkawarin ɗaukar ɗalibai shida horo in suka gama makaranta, amma sai foman ɗinsu, wato shugaban ma'aikata, ya zo ya ga aikin yaran da idonsa. Aka sa ranar Laraba. Ranar Talata da yamma Injiniya ta tsaya bayan an tashi, ta canza wa injin wuƙa, ta sa sabuwa mai tsawo, ta goge gilas, ta jera ƙarafan da za a yanka. Malam yana zaune a bakin ƙofa yana kaɗa mabuɗi yana duba agogo, har ta gaji ta ɗauki jakarta ta fita. Ta bar shi a ciki yana rufe tagogi.

Laraba da hantsi ɗakin ya cika. Foman ya zo da hularsa ta aiki a hammata, Firinsifal ya sa sabuwar riga, an jera kujeru ga malamai. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, wadda ta fi kowa iya zanen, ita aka ba damar danna koren maɓalli. Injin ya ɗauki kuka, wuƙar ta sauko. Maimakon ta tsaya a saman ƙarfen ta fara gurzarsa, sai ta wuce da ƙarfinta duka ta nutse a cikinsa. Aka ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin tukunya. Guntun wuƙar ya daki gilas ya tsaga shi, injin ya yi wani gurnani ya tsaya, jar fitila tana ƙiftawa. Yarinyar ta durƙushe ta toshe kunnuwa. Ba wanda ya ji ciwo, amma da foman ya buɗe ya taɓa sandar da ke riƙe wuƙar, ya girgiza kai ya ce ta lanƙwashe.

A cikin wannan shirun ne aka ji Malam Zarto daga kusurwarsa ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

Injiniya ta juyo, idonta ya kaɗa ya yi ja. "Jiya lafiya lau na bar injin nan. Mutum ɗaya ne ya rage a ɗakin bayana, mutum ɗaya ne yake da mabuɗi, kuma kowa ya ji abin da ya ce zai faru."

"Yarinya, ki san abin da bakinki yake faɗa," in ji Malam.

"Na sani. Ka kashe mini wuta sau uku, ka shanya ni a rana wata biyar. Wannan ne kawai ya rage ba ka yi ba, yau ka yi."

Foman ya sa hularsa ya ce shi zai koma, in sun gama shari'arsu a kira shi. Wannan ya fi komai ƙona wa Firinsifal rai. A karon farko a rayuwarsa ya yanke hukunci da zafinsa. Kafin a tashi an ba Malam takardar tuhuma, an ce ya ba da amsa cikin kwana biyu. Masinja ya ba da shaidar maganar cin kai, mai gadi ya ce ya ga Malam ya fito daga ɗakin kusan rabin awa bayan Injiniya. Malam ya rubuta amsa layi biyu: ya ce bai taɓa injin ba, bai ma san ta inda ake kunna shi ba. A gaban mataimakin Firinsifal ya kwance igiyar daga ɗamararsa ya ajiye mabuɗin a kan tebur. Aka ce ya koma ɗakin karatu ya riƙa kula da littattafai har a gama bincike.

Kwana goma sha biyu yana zaune a can tsakanin kantocin littattafai, hannayensa a kan gwiwa. Yara suna leƙowa ta taga su wuce. Labari ya fita gari, har a bakin titi aka riƙa tambayar ɗansa wai da gaske ne tsohon ya fasa injin gwamnati. Injiniya kuwa ta samu ɗakin ita kaɗai, tana buɗewa ƙarfe bakwai da rabi, amma ba injin da za ta kunna, sai zane a allo.

Rana ta goma sha uku makanikin kamfanin da ya sayar da injin ya zo. Bayan ya kwance sandar, ya ce bari ya duba abin da injin ya rubuta, domin yana ajiye tarihin duk lambar da aka shigar masa, da lokacin, da lambar sirrin wanda ya shigar. Injiniya ta san da haka sarai. Fushi ne ya hana ta dubawa, ko kuma wani abu a ranta ba ya son ta duba. Suka tsaya su biyu a gaban allon. Ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti goma, an canza wuƙa. Tsawon sabuwar milimita sittin da biyu ne, amma abin da aka rubuta wa injin arba'in da biyu. Lambar sirrin tata ce. Bayan wannan ba a sake taɓa komai ba sai koren maɓallin Laraba.

Ta tuna lokacin. Tana shigar da lambar tana jin ƙarar mabuɗi a bakin ƙofa, ranta yana tafasa, tana sauri ta fita. Ba ta sake aunawa ba, abin da kullum take gaya wa yara kada su kuskura su tsallake.

Makanikin ya ce shi gyara aka turo shi, ba ruwansa da wanda ya yi. Ta tafi ofishin Firinsifal ta gaya masa. Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce ta yi tunani: ita masana'anta ta damƙa wa injin, in suka ji ita ce, za su iya janye ta su janye alkawarin yara shida. Malam kuwa saura shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya, a bar maganar ta mutu da kanta, a rubuta cewa ba a gano musabbabi ba. Ta ce ba za ta iya ba. Ya ce to ta san dai shi ma da hannunsa ya rubuta takardar tuhumar, ba ita kaɗai za ta ji kunya ba. Suka rabu ba daɗi.

Ranar Asabar da safe ta nemi gidan Malam. Gida ne ƙarami a ƙarshen wani lungu, ƙofarsa ta ƙarfe ce mai kyan walda, da gani aikin hannunsa ne. Matarsa ta buɗe. Da ta ji ko wace ce, ta ƙi matsawa daga bakin ƙofa, ta ce maigidan ba ya jin daɗi, hawan jininsa ya tashi tun ranar da aka mayar da shi mai gadin littattafai. Injiniya ta ce, "Mama, minti biyar kawai nake roƙo." Daga ciki aka ji muryarsa ya ce a bar ta ta shigo.

Yana zaune a tsakar gida a kan kujerar roba, ya rame. Babban ɗansa, mai facin, yana gefe yana wanke hannu da kananzir, ya ɗago ya gane ta, ya ci gaba da abin da yake yi. Ba wanda ya ba ta wurin zama. A tsaye ta faɗi komai, da lambar, da lokacin, da abin da Firinsifal ya ce. Ta ce ita ta yi kuskuren, kuma ta ɗora masa abin da bai ji ba bai gani ba, ta zo ya yafe mata.

Malam ya gyara zama. Sannan ya ce, "Da injin bai rubuta ba fa?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Na ce ban taɓa ba, ba ki yarda ba. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɗauke ko kusa ba, ba wanda ya yarda. Sai da akwati ya yi magana. To ba ni kika zo ba wa haƙuri ba, akwatin ne ya aiko ki."

Ta ce duk abin da ya faɗa ta cancanta, amma shi ma ya san abin da ya yi mata wata biyar.

"Na sani. Wutar da gangan na kashe, duka ukun. Shanya ki a rana ma da gangan ne. In an tambaye ni zan faɗa. Amma a gaban yarana kika kira ni mai ɓarna, a gabansu za ki janye. Kada ki sake zuwar mini gida."

Ɗan ya tashi ya buɗe mata ƙofa, ya riƙe har ta fita.

Ranar Litinin, bayan an gama sanarwa a taron safe, ta nemi Firinsifal ya ba ta lasifika. Ya ba ta yana hararar gefe. A gaban ɗalibai sama da dubu da malamai duka ta ce ita ta shigar wa injin lambar da ba daidai ba, Malam bai taɓa shi ba, ɗalibar da ta danna maɓalli ma ba ta da laifi, kuma abin da ta faɗa ranar Laraba ƙazafi ne. Malam yana tsaye a layin malamai, hannu a baya, yana kallon tutar makaranta. Da ta gama bai dube ta ba. Ya wuce ofis ya karɓi mabuɗinsa, ya sa aka yaga takardar tuhumar a gabansa.

Ita da kanta ta rubuta wa masana'anta. Suka aiko mata da takardar gargaɗi, suka rage yaran da za su ɗauka daga shida zuwa huɗu, wai sai sun ga yadda shekara mai zuwa za ta kasance. Iyayen yara biyun da aka bari suka zo makaranta, uwar ɗaya ta tsaya a baranda ta wanke Injiniya tas, ta ce rigimar manya ta cinye wa ɗanta gurbi. Matasan malaman da ke bayanta suka ja jiki, Firinsifal ya daina amsa gaisuwarta da baki, sai da kai.

Malam ya kafa sharaɗi kafin ya koma aji: ba zai sake haɗa ɗaki da ita ba. A hutun zango aka kawo bulo da siminti, aka raba ɗakin biyu, aka fasa mata ƙofa ta baya, aka ja mata layin wuta daban. Tebura huɗu suka dawo wajensa a matse, tagogi biyu suka faɗa ɓangarenta, nasa ya yi duhu har sai an kunna fitila da rana. Bai yi ƙorafi ba.

Injin ya dawo aiki a zango na uku. Yara suna fita ta ƙofarta su zagaya ginin su shiga tasa, tafiyar minti biyu, suna isa a makare, kowanne malami yana ɗora laifin a kan ɗayan. In takardar sakamako ta haɗa su, masinja ne yake kai wa wannan ya sa hannu, ya kai wa waccan. Haka suka yi shekara guda da wata huɗu. Ranar da aka yi wa Malam walimar ritaya a ɗakin malamai, Injiniya tana da aji, ba ta nemi a canza mata lokaci ba, shi ma bai tambayi inda take ba. Tsohon injin gurzar da ma'aikatar ilimi ta ce a sayar wa masu gwangwan, ɗan Malam ne ya zo da motar haya ya saya, suka ɗora shi su biyar da ƙyar, suka tafi da shi bakin titi.